Jiragen Ruwan Faransa Biyu a Kogin Nilu da Iyakar da Suka Bar Mana

Ga abin da muka kawo muku a filin tarihi na wannan mako. Mun sa shi a rubuce saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji ko suna kan hanya.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar gabas ta ƙasa, ya tashi daga Kano ko Maraɗi ko Damagaram, ya ratsa Barno, ya ƙetare Kusiri zuwa Injamena, ya wuce Abeshe, to ya san garin Adire. Nan ne mulkin Faransa ya tsaya a zamanin Turawa. Gaba kaɗan sai Junaina, ƙasar Sudan, inda Ingila ta yi iko. Mutanen wannan gefe da na wancan kuwa dangin juna ne, Masalit da Zagawa da Larabawa masu shanu. To wa ya ja layi a nan, kuma me ya sa bai ja shi a can gaba ba? Amsar ta haɗa da jiragen ruwa biyu na Faransa. Ɗaya ya ƙone a bakin kogin Nilu a 1798, ɗayan ya iso tsakiyar kogin a 1898, shekara ɗari cif a tsakaninsu. Hartum da Umdurman suna tsakiyar labarin.

Jirgi na farko

Sunansa L'Orient, wato Gabas. An ƙera shi a tashar Tulon da ke kudancin Faransa, aka tura shi ruwa a 1791. A lokacin ba a fara sa wa jiragen yaƙi inji ba, iska ce ke tafiyar da su. Ana kafa dogayen gungume a tsakiyar jirgi, a ɗaura musu manya-manyan ƙyallaye masu kauri, irin wanda Larabawan Sudan ke kira shira', iska ta buga ta tura jirgi. Idan iska ta ɗauke, jirgi ya tsaya ke nan, ko da sarki ne a ciki. Tsawon L'Orient ya kai kimanin mita 65, da hawa uku na igwa, bakin igwa 118, mutanen da ke aiki cikinsa sun kai wajen dubu. Ku ɗauka ƙauye guda ne na katako yake yawo a kan teku, cikinsa maƙare da albarushi.

Sau uku yana shan suna. Da farko an raɗa masa sunan yariman Faransa mai jiran gado. Da talakawa suka tumɓuke sarauta a 1792 aka sauya masa, sannan a 1795 ya zama L'Orient. A watan Mayu na 1798 shi ya ɗauko Napoliyon daga Tulon zuwa Masar. Manufar Faransa ita ce ta kama Masar don ta toshe wa Ingila hanyar Indiya, inda arzikinta yake. Sojoji suka sauka Iskandariya a farkon watan Yuli, suka nufi Alƙahira, aka bar jiragen a wata kusurwar teku da ake kira Abu Kir, kusa da inda Nilu ke zuba ruwansa.

Ranar 1 ga Agusta 1798 da la'asar sakaliya sai ga jiragen Ingila ƙarƙashin Nelson. Shugaban jiragen Faransa, Brueys, ya jera manyan jiragensa 13 a layi ɗaya kusa da gaɓa, ya zuba musu anga, yana ganin ba wanda zai iya ratsawa tsakaninsa da tudu. Ƙari a kan haka, mutanensa da yawa suna tudu wajen neman ruwan sha. Wasu jiragen Ingila suka kutsa ta wannan gefen da ba a shirya igwa ba, sauran suka biyo ta gefen teku, aka sa Faransawa a tsakiya. Da dare wuta ta kama L'Orient, wajen ƙarfe goma ta kai ɗakin albarushi, jirgin ya tarwatse da mafi yawan mutanen cikinsa. Cikin manyan jirage 13, biyu kaɗai suka tsira. Wani hafsan Ingila ya tsinci guntun babban gungumen jirgin, ya sa aka yi akwatin gawa da shi ya ba Nelson kyauta, kuma a cikinsa aka binne shi daga baya.

Daga wannan dare sojojin Faransa suka zama kamar garken da aka tare wa hanyar mashaya. Ƙarin soja ba ya zuwa, hanyar komawa gida kuma a toshe. Shi ya sa Napoliyon ya juya ido kudu. A 1799 Sarkin Darfur Abdurrahman Rashid ya aika masa da wasiƙa, shi kuma ya mayar da amsa yana neman a aiko masa da bayi 2,000 ƙarfafa tare da ayari mai zuwa. Ayarin Darfur a wancan zamani yana bin hanyar da ake kira Darbul Arba'in, ta kwana arba'in, zuwa Asyut. Kun ga tun daga ranar farko fatauci da jinin baƙar fata suna cikin lissafi. A wannan shekarar Napoliyon ya sulale ya koma gida, a 1801 sauran sojojinsa suka miƙa wuya suka fice.

Yadda Hartum ta kafu

Cikin sojojin da Daular Usmaniyya ta turo don korar Faransawa akwai wani hafsa mai suna Muhammad Ali. A 1805 ya zama mai mulkin Masar. A 1820 ya tura ɗansa Isma'il ya hau Nilu da runduna, yana neman zinariya da bayin da zai mayar soja. Sarautar Sinnar ta miƙa wuya a 1821. Harajin da aka ɗora wa mutane a kan bayi da dabbobi ya yi nauyi, har Mak Nimir na Shandi ya cinna wa masaukin Isma'il wuta a 1822, ya mutu a ciki. Duk da haka mulkin Turkawa ya zauna, kuma suka mayar da wani ɗan ƙauye a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu hedikwatarsu. Ita ce Hartum.

Abin da ya ba wurin daraja shi ne jirgin ruwa. Nilu na gangarawa arewa ne, amma iska a yawancin shekara daga arewa take busowa. Saboda haka mai zuwa kudu sai ya buɗe shira' iska ta kai shi, mai komowa ya naɗe ruwa ya kawo shi. Masassaƙa na ƙera jiragen da itacen da suke kira sunut, wanda ba wani abu ba ne illa bagaruwar nan tamu da majema ke jima da 'ya'yanta. A unguwar Abu Rof da ke Umdurman an ci gaba da wannan sana'a har zuwa zamaninmu.

Da irin waɗannan jirage ne wani kyaftin na Turkawa, Salim Kabudan, ya hau Farin Nilu tsakanin 1839 da 1842, tare da wasu Faransawa, har suka kai Gondokoro kusa da Juba ta yau a 1841. Hanyar da suka buɗe ita 'yan kasuwar hauren giwa da bayi suka bi. Daga cikinsu Zubairu Rahama ya fito, daga cikin yaran Zubairu kuma Rabe ya fito, wanda ya ci Kukawa a 1893 ya zauna Dikwa. Mutanen Barno ba sai an ba su labarinsa ba.

Ɗan masassaƙin jirgi

Muhammad Ahmad, wanda ya ce shi ne Mahadi a 1881, ɗan gidan masassaƙa jiragen ruwa ne daga yankin Dungula. A tsibirin Aba da ke Farin Nilu ya fara kira. A lokacin jiragen hayaƙi sun riga sun shigo kogin, waɗanda ake hura musu itace tukunya ta tafasa tururi ya juya ƙafa. Larabawan Sudan na ce musu babur, ba irin babur ɗinmu na hawa ba. Da irinsu gwamnati ta aika soja su kamo shi a watan Agusta na 1881, almajiransa suka fatattake su da sanduna da masu. Babban mataimakinsa, Abdullahi, ɗan ƙabilar Ta'aisha ne daga Baggara, makiyayan shanu na kudancin Darfur. Labarin ya kai har ƙasarmu, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi musayar wasiƙu da Mahadi ya kuma yi masa mubaya'a.

Daga watan Maris na 1884 Ansar suka kewaye Hartum, Gordon Basha na ciki. Jiragen hayaƙi su ne kaɗai igiyar da ta haɗa shi da duniya. Ɗaya daga cikinsu, Bordein, shi ya fita da littattafan da yake rubuta abin da ke faruwa kullum. Da rani ya kama, ruwan Farin Nilu ya janye ya bar tudu a ƙarshen ganuwa, ta nan Ansar suka shiga ranar 26 ga Janairu 1885, aka kashe Gordon. Bayan kwana biyu Bordein da wani jirgi suka iso da 'yan sojan agaji, suka tarar bakin alƙalami ya bushe, suka juya. A hanyar komawa duka biyun suka daki duwatsu. Ansar suka tsamo Bordein suka gyara shi, ya yi musu aiki shekara 13. Mahadi ya rasu a watan Yuni na 1885, Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya mayar da Umdurman babban birni, ya gina ganuwowin ƙasa masu kafar igwa a bakin kogi.

Karari

A 1896 Ingila ta fara hawan Nilu da sunan ƙwato wa Masar ƙasarta, ƙarƙashin Janar Kicina. Abin da ya kayar da na baya shi ne duwatsun da suka tare kogi a wurare shida da kuma ƙishirwar hamada. Kicina ya kauce musu da layin dogo daga Wadi Halfa ya ratsa hamada zuwa Abu Hamad a 1897. Injiniyan da ya shimfiɗa shi, Girouard, shi ne ya zama Gwamnan Arewacin Nijeriya a 1907, ya kuma fara aikin dogon Baro zuwa Kano. A kan wannan dogo aka ɗauko sababbin jiragen yaƙi gunduwa-gunduwa daga Ingila, aka harhaɗa su a bakin kogi kusa da Barbar. Ɗaya daga cikinsu shi ne Melik, na kamfanin Thornycroft, wanda ruwan da bai wuce gwiwa da yawa ba ya ishe shi tafiya.

Ranar 1 ga Satumba 1898 jiragen suka ragargaza ganuwowin Umdurman, manyan igwa kuma suka fasa ƙubbar kabarin Mahadi. Washegari, 2 ga Satumba, aka gwabza a filin Karari. Ansar wajen 50,000 suka fuskanci bindigogi masu jigida daga tudu da kuma daga ruwa. Akwai lokacin da suka kusa murƙushe rundunar masu raƙuma ta Masar a kan duwatsu, sai Melik ya matso gaɓa ya buɗe musu wuta. Kafin azahar Ansar fiye da 10,000 sun kwanta dama, ɓangaren Kicina kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Halifa ya tsere yamma, sai a watan Nuwamba na 1899 aka kashe shi a Umm Dibaikarat.

'Yan kwanaki bayan Karari wani jirgin Halifa mai suna Taufikiyya ya gangaro Umdurman, mutanensa ba su san gari ya faɗi ba. An aike su kudu ne neman hatsi. Suka ce a Fashoda wasu Turawa masu baƙaƙen soja da baƙuwar tuta sun buɗe musu wuta. Aka tono harsasai daga jikin katakon jirgin, aka ga irin na sojan Turai ne na zamani.

Jirgi na biyu

Faransawa ne. Faransa na son ta haɗa mulkinta daga Senegal har Jibuti, yamma zuwa gabas. Ingila na son nata daga Alƙahira har Afirka ta Kudu, arewa zuwa kudu. Idan ka ja layukan biyu a taswira, a Farin Nilu suke gicciye juna. Don haka a 1896 Faransa ta tura Kyaftin Marshan da Turawa kaɗan da sojojin Afirka ta Yamma da ba su kai 200 ba. Suka sauka gaɓar Loango, suka bi kogin Kwango da Ubangi da Mbomu. Inda ruwa ya ƙare suka kwance wani ɗan jirgin hayaƙi mai suna Faidherbe, sunan tsohon gwamnansu na Senegal, suka ɗora wa mutane a ka. Tukunyarsa ba ta rabuwa, sai aka riƙa mirgina ta a kan gungume cikin daji. Dubban 'yan dako aka kamo da ƙarfin bindiga daga ƙauyukan hanya, kuma littattafan da suka yabi Marshan ba su damu da sunayensu ba. Irin wannan dabara Gentil ya yi da jirginsa Léon Blot har ya shiga Tafkin Cadi a ƙarshen 1897.

Da suka kai kogin Suwe a yankin Baharul Gazal sai ruwa ya janye, suka yi watanni suna jira. Marshan ya gaji, ya shiga ƙananan kwale-kwale ya ratsa fadamar da ciyawa ke toshe kogi, ya isa Fashoda, ƙasar Shuluk, ranar 10 ga Yuli 1898. Shekara biyu ke nan yana tafiya. Ranar 25 ga Agusta ya kori jiragen Halifa biyu, ranar 29 Faidherbe ya iso da harsasai da abinci. Har lambu suka yi.

Kicina ya bar Umdurman ranar 10 ga Satumba da jirage biyar da soja wajen 1,500, ya isa Fashoda ranar 19. Ya sa kayan sojan Masar, ya kafa tutar Masar, don kada a ce Ingila ce ta ci fuskar Faransa. Marshan ya ce ba zai sauke tutarsa ba sai da umurnin gwamnatinsa. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Suka bar maganar ga Landan da Faris.

Can kuwa sai da aka kusa yaƙi. Ingila ta shirya jiragenta na teku, Faransa ta duba nata ta ga ba za su kara ba, ga rikicin cikin gida, ga tsoron Jamus a maƙwabta. Ranar 3 ga Nuwamba ministan harkokin wajenta, Delcassé, ya ba da umurnin janyewa. Ranar 11 ga Disamba Marshan ya sauke tuta, ya hau kogin Sobat da Faidherbe har inda jirgi ba ya iya wucewa, ya bar shi, ya ratsa Habasha da ƙafa zuwa Jibuti. Abin da ya kayar da Faransa a Abu Kir shi ya sake kayar da ita a Fashoda, wato rashin ƙarfi a teku.

Inda abin ya shafe mu

Ranar 21 ga Maris 1899 ƙasashen biyu suka sa hannu a takarda. Suka ce a duba inda ruwan sama ke rabuwa: wanda ke gangarawa Nilu, Faransa ta cire hannu, wanda ke gangarawa Kwango nata ne. A arewa kuma Wadai ta faɗa rabon Faransa, Darfur rabon Ingila, alhali ko ɗayansu bai taka ƙasashen da mulki ba tukuna. Sai a 1909 Faransa ta kama Abeshe, sai a 1916 Ingila ta kashe Sarkin Darfur Ali Dinar, sai a 1924 aka gama shata layin da ya raba Adire da Junaina.

Wannan takarda ƙari ce a kan yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, wadda ta raba ƙasar Hausa. A cikinta aka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato aka ba Ingila. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba rijiyoyi, sai suka nemi gyara. A 1904 Ingila ta yarda a matso da iyaka kudu, Faransa kuma ta saki wani haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Niyufanlan, can gefen Kanada. Wato kifin da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu yana cikin abin da ya sa yau Ƙonni da Illela, ko Maraɗi da Jibiya, suke ƙasa biyu. A shekarar ce kuma aka sauya wa Fashoda suna zuwa Kodok don a daina tuna wa Faransa.

Da Nilu ya kuɓuce mata, Faransa ta mai da hankali kan Tafkin Cadi. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, aka kama Damagaram, a watan Afrilu na 1900 aka kashe Rabe a Kusiri. A 1903 Ingila ta ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Su da alhazan ƙasa da suka yada zango suka zauna, su ne tushen yawancin Hausawa da Fulanin Sudan, waɗanda suka yi aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925.

Shi kuwa Melik, a 1926 aka ba wata ƙungiyar masu tseren jiragen ruwa ta Hartum, ta mayar da shi ofishinta a bakin Shuɗin Nilu. Wata ambaliya a ƙarshen shekarun 1980 ta ɗora shi a tudu, kuma a nan masu wucewa suka saba ganinsa har yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Tun daga lokacin dubun dubatar mutanen Darfur suka ƙetara Adire neman mafaka.

Don haka, ɗan'uwa makiyayi, idan aka tare ka aka ce burtalin da kakanka ya bi yanzu ya shiga wata ƙasa, ko kai bafatake ka tsaya gaban kwastan ko duwan, ka san cewa burtalin da hanyar ayarin sun girmi layin. Wannan ba dalili ba ne na karya doka. Ka riƙe takardunka da na allurar dabbobinka, ka bi mashigar da aka sani. Amma dalili ne na ka riƙi na ƙetaren iyaka a matsayin ɗan'uwa, kuma shugabannin makiyaya da na 'yan kasuwa su riƙa tuna wa hukuma wannan tarihi duk lokacin da aka zo maganar rufe iyaka.

Wanda ke da labarin kakanninsa da suka bi hanyar gabas, ya aiko mana ta hannun wakilinmu na kasuwar da ta fi kusa da shi, za mu karanta a fili. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya tsare matafiya da dukiyarsu. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.